Injin tonon dankalin turawa: shin gonakinmu na Filato za su karɓe shi?

Manomin Bokkos:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masana injinan noma da waɗanda suka riga mu daɗewa a harkar dankalin turawa. Ƙungiyarmu ta manoma ta tara ɗan abin da ya sawwaƙa, kuma an kawo shawarar mu sayi injin tono irin wanda tarakta ke ja. Dalilin shi ne kuɗin 'yan ƙwadago a lokacin tono yana cinye kaso mai tsoka na ribarmu, ga kuma ɓarnar fartanya, domin babu buhun da za a cika ba a ware sararren dankali a gefe ba, wanda dillali a kasuwar Maikatako ba ya saye sai a wulaƙance. Matasan cikinmu sun ga bidiyon manyan injinan Turai sun ƙyasa, ni kuwa ban gamsu ba tukuna, saboda yawancin gonakinmu ba su kai hekta ɗaya ba, wasu a kan gangare suke, kuma kowa ya san duwatsun ƙasar nan. Wanda ya san injin nan a gona, ba a waya ba, ya taimaka mana da bayani.

Injiniya daga Zariya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ya kamata a fara raba injinan nan, domin aikinsu da kuɗinsu sun yi wa juna nisa. Wanda matasanku suka gani, mai tuƙa kansa, yana kwashe kunya huɗu a tafiya ɗaya, ya kakkaɓe ƙasa, ya ware ganye, ya tara dankalin a rumbun da ke jikinsa. Kamfanin Grimme na Jamus, wanda ya faro a matsayin maƙera a garin Damme a 1861, yana da irinsa mai suna Ventor 4150, wanda rumbunsa kaɗai ke ɗaukar tan 15, haka ma Dewulf da AVR na Beljiyam suna ƙera nasu. An yi su ne don shimfiɗaɗɗun gonakin da ake samun tan 40 ko fiye a hekta ɗaya, inda kunya ke miƙewa sai ido ya gaji. Wannan ku cire shi daga lissafi gaba ɗaya.

Abin da ya cancanci ku duba shi ne ƙaramin inji mai sarƙa, irin wanda manoman Fanjab da Uttar Pradesh a Indiya suke aiki da shi, kuma ana ƙera shi da yawa a Sin da Turkiyya. Ana rataya shi a bayan tarakta. A gabansa akwai faffaɗan baki na ƙarfe da ke nutsewa ƙarƙashin kunya ya ɗago ta ɗungurungum, da ƙasa da dankali da saiwa, ya miƙa wa wata sarƙa ta sandunan ƙarfe da aka jera da 'yar tazara a tsakaninsu. Sarƙar tana tafiya baya tana girgiza kamar rariya, ƙasa tana zubewa ta tsakanin sandunan, dankalin kuma ya faɗo a baya a jere. Shaf ɗin bayan tarakta, wato sandar ƙarfen da injin tarakta ke juyawa, shi ne ke juya ta, wanda a yawancin taraktocinmu yake juyawa sau 540 a minti ɗaya. Mai kunya ɗaya, ko da ƙaramar tarakta ce tana jan sa, mai kunya biyu kuwa Massey Ferguson 375 da ta cika ƙasar nan ta ishe shi har da rara. Sai dai ku sani, tono kawai wannan inji yake yi. Tsinta da tantancewa da zubawa a buhu suna nan a hannun mutane.

Makaniken Tarakta (Kaduna):
Injiniya ya faɗi yadda injin yake aiki a ƙasa mai laushi, ni kuma bari in faɗi yadda yake dawowa gareji. Babban maƙiyinsa shi ne dutse mai girman dunƙulen hannu. Idan ya maƙale tsakanin sandar sarƙa da haƙoran da ke juya ta, ko dai sandar ta lanƙwashe, ko sarƙar ta tsinke, ko kuma, in an yi rashin sa'a, ƙarfin ya koma kan akwatin giya ya fasa shi. An taɓa kawo mini ɗaya da haƙoran giyarsa suka zube a cikin mai, kuma da na bincika sai na tarar noti mai karyewa da aka sa a shaf don ya kare injin ya karye tun farko, direban ya maye gurbinsa da noti mai tauri don kada ya riƙa tsayawa. Saboda haka duk wanda za ku saya, ku tabbatar yana da wannan noti ko kuma kuloci mai sulluɓewa idan an ci karo da abu, kuma a ja wa direba kunne kada ya taɓa su.

Na biyu, ku dubi irin sarƙar. Akwai wadda aka kafe sandunanta a jikin bel na roba, tana tafiya lami lafiya kuma ba ta cika ƙuje dankali ba, amma in ta lalace sai an nemo sabuwa daga nesa. Akwai kuma wadda sandunan ke sarƙafe da juna da ƙugiya, wadda ko a bakin gona za a zare sanda ɗaya a sa wata. Maƙeran Panteka za su iya kwaikwayon bakin da sandunan, amma sai an ba su ƙarfe mai tauri irin na sifirin, domin rodin gini ba ya kai ƙarshen kunya bai lanƙwashe ba.

Baba na Mangu:
'Ya'yana, na karanta bayananku, kuma Allah ya ƙara ilimi. Amma ina so in tambayi Injiniya, a wace gona za a sa wannan inji? Da yawa daga cikinmu dankalin damina tare da masara muke shuka shi, domin idan an tone dankali a watan Yuli ko Agusta masarar tana tsaye, ita ce abincin gida. Tarakta ba za ta ratsa tsakiyar masara ba. Sannan ba a rana ɗaya muke tone gona ba. Mutum yakan tone kunya kaɗan ranar jajiberin kasuwa, ya sayar ya sayi taki ko ya biya kuɗin makaranta, ya bar sauran a ƙasa har kasuwa ta gaba, tunda ba shi da ɗakin ajiyar da zai riƙe dankali bai ruɓe ba. Idan inji ya zo ya kwance gonar duka kafin azahar, ina za a kai amfanin? Kuma matan da suke samun na cefane da tsintar dankali, da samarin da suke tara kuɗin ƙwadago a wannan lokaci, an yi lissafi da su kuwa?

Hajiya Mai Dankali (Kano):
Baba ya taɓo inda yake yi mana ƙaiƙayi mu masu saye. Ni a kasuwar Yankaba nake sauke kaya, wani lokaci kuma in tura kasuwar Mile 12 a Legas, saboda haka abin da ke damuna shi ne yadda dankali zai kai kwana uku ko huɗu a cikin buhu a bayan mota. Saran fartanya ba shi ne babbar matsalata ba, domin ana ganinsa tun a gona a ware shi. Abin da ke karya ni shi ne dankalin da ya bugu ko ya ƙuje, wanda ranar lodi za ka gan shi sumul, sai an buɗe buhu a kasuwa a tarar ya yi baƙi ta ciki, ko ya fara ruwa ya shafi na kusa da shi. Idan wannan sarƙar girgiza dankali take yi tare da duwatsu, ina tsoron a rabu da sara a koma wa bugu. Kuma manoman Filato, ku yi haƙuri da ni, kuna yawan tone dankali ɗanye don ku riga kasuwa, wanda ko da babban yatsa aka murza ɓawonsa sai ya saɓule. Irin wannan in ya bi ta kan ƙarfe, me zai rage?

Malamin Gona (Barkin Ladi):
Hajiya, maganarki gaskiya ce, kuma maganinta yana hannun manomi tun kafin inji ya iso. A duk inda ake tono da inji, ana sare ganyen dankali ko a kashe shi kimanin mako biyu zuwa uku kafin ranar tono, domin da zarar ganye ya mutu ɓawon yakan yi kauri ya kama jikin dankalin, saiwar kuma ta sake shi cikin sauƙi. Wannan yana da wani amfanin a wajenmu, saboda cutar ƙunar ganye da ke addabarmu idan damina ta yi nisa tana sauka daga ganye zuwa kan dankalin a lokacin tono, shi ya sa wani buhun ke ruɓewa tun ba a kai kasuwa ba. Ɗanyen ganye kuma yana nannaɗe sarƙa ya toshe ta. Matsalar ita ce manomin da ya ji farashi ya tashi yau ba zai yarda ya jira mako biyu ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba.

Akwai wani haɗari da ban ji an ambata ba, wanda ya shafi injin ƙungiya musamman. Cutar nan da ke sa shuka ta yi yaushi tana kore, wadda idan an yanka dankalin ake ganin zobe mai ruwan ƙasa da wani farin ruwa mai yauƙi, a cikin ƙasa take zama, kuma takan daɗe a ciki. Fartanya gonar mai ita kawai take sani, ko ta maƙwabci. Inji kuwa zai shiga gonar kowane ɗan ƙungiya da lakar gonar da ya baro a jikin bakinsa da sarƙarsa da tayoyin tarakta. Idan ba a kafa dokar wanke shi tas kafin ya bar kowace gona ba, kuma a bar gonakin da aka san suna da cutar zuwa ƙarshe, to ƙungiya za ta sayi abin da zai raba wa mambobinta ciwo da kuɗinsu. Masu binciken dankali na Kuru suna kusa da ku, ku nemi su duba gonakin kafin a tsara layin wanda za a fara yi wa.

Injiniya daga Zariya:
Baba, ranka ya daɗe, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa ba. Gonar da aka haɗa da masara ba ta inji ba ce, kuma wanda ya ce maka za a iya yaudararka yake yi. A nan ne nake so Malam na Bokkos ya tsaya ya yi nazari, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Shawarar tono da inji ranar huɗa ake yanke ta. Injinan nan an ƙera yawancinsu ne a kan tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, yadda tarakta mai faɗin santimita 150 tsakanin tayoyinta za ta haye kunya biyu, tayoyin suna bin kwari. Kunyar da aka yi da hannu takan yi faɗi a nan ta matse a can, ta karkace don ta kauce wa dutse ko tururuwa, kuma zurfin da aka binne iri ya danganta da hannun wanda ya shuka. Idan tarakta ta shiga irin wannan gona, taya za ta hau kunya ta murƙushe dankali, bakin injin kuma ya yanka wanda ya yi zurfi, sai a ce inji ba shi da kyau. Dole tarakta ɗin da za ta yi tono ita ce ta yi huɗar, ko aƙalla a yi huɗar da igiya da ma'auni, a kuma bar fili a kan gona da ƙarshenta inda za ta juya.

Game da bugun da Hajiya ke tsoro, yawancinsa daga direba yake. Ƙa'idar ita ce kada ƙasa ta ƙare a kan sarƙa tun a tsakiya, a bar ta ta raka dankalin har kusan ƙarshe, domin ita ce ke kare shi daga ƙarfe. Direban da ya taka mai ya sa sarƙa gudu alhali tarakta na tafiya a hankali, zai ga dankali yana tsalle a kan tsirarar sanda, kuma kowane tsalle tabo ne. A rage girgiza a busasshiyar ƙasa, a ƙara ta a mai danshi, a kuma sa wa sandunan rigar roba in da hali. Duwatsu kuwa, a Sikotilan da ƙasarsu ke da su da yawa, wani inji daban suke bi da shi kafin shuka ya tace ƙasar ya zube duwatsun a kwari. Ku ba ku da wannan, saboda haka sai dai a tsince su da hannu lokacin sharar gona, a kuma haƙura da gonakin da abin ya yi yawa.

Ɗan Filinge (Nijar):
Gaisuwa ga 'yan uwa na Nijeriya. Mu a yankin Bonkuku da sanyi muke noman dankali, da ban ruwa, a ƙasa mai yashi ta kwarin Dallol Boso, haka ma mutanen Tabelot a duwatsun Ayar. Ƙasarmu da inji zai samu da ya ji daɗinta, domin yashi ba ya riƙe dankali, amma filayenmu ƙanana ne, an yanka su fangali fangali saboda ruwa, ga bututu da rijiyoyi a tsakani, tarakta ba ta da wurin juyawa. Abin da nake so in tambaya shi ne, me ya sa ake tsallake garmar shanu? Manoman gyaɗa sun daɗe suna amfani da faffaɗan baki da shanu ke ja ƙarƙashin kunya ya ɗago gyaɗa. Irinsa na dankali yana nan, mai 'yan sanduna a baya kamar yatsu da ke tura dankalin sama, babu sarƙa, babu giya, babu man dizal, kuma maƙerin gari zai iya gyara shi. Ba ya fito da dankali duka, sai an bi da hannu an tono wanda ya ɓuya, amma kuɗinsa ba ya kai a tara ƙungiya.

Manomin Bokkos:
Na gode ƙwarai, ɗan uwa na Nijar. A wajenmu huɗa da shanu ba ta yaɗu kamar a ƙasar Kano ko Katsina ba, kuma a halin da ake ciki na tsaro ba kowa ne zai so ya ɗaure shanun aiki a gida ba. Amma irin bakin da ka kwatanta na ji ana ɗaura shi a bayan ƙaramar tarakta mai ƙafa biyu wadda mutum ke bi a baya, kuma ita tana shiga inda babba ba ta shiga. Injiniya, ina da wata tambaya da ta taso daga bayaninka. Mu ƙananan dankalin nan da ba su kai na kasuwa ba su muke ajiyewa iri. Idan ƙasa tana zubewa ta tsakanin sanduna, ba za su bi ta su zube ba?

Injiniya daga Zariya:
Za su zube, Malam, in tazarar ta fi su faɗi, kuma ƙasar da ke biyo baya ta rufe su. Injin da aka ƙera don dankalin Turai mai manyan 'ya'ya yakan zo da sarƙa mai faɗin tazara, saboda haka sai ku tafi da samfurin ƙaramin dankalin da kuke so ku tsira da shi ku gwada a tsakanin sandunan kafin ku biya kuɗi. Rigar roba da na ambata tana rage tazarar. Sai dai duk abin da aka matse, ƙasa ma za ta yi wuyar zubewa, kuma a jar ƙasar Filato cikin ruwan Agusta wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin laka takan dunƙule ta bi sarƙa ta faɗo tare da dankalin ta binne shi. A ganina dankalin rani, wanda ake shukawa bayan ɗaukewar ruwa a fadamu da bakin tsofaffin ramukan kuza a tone shi wajen Janairu da Fabrairu, shi ya fi dacewa a fara gwaji da shi, tunda manomi ne ke da iko da ruwan. Zai iya tsayar da ban ruwa ya bar ƙasa ta sha iska daidai yadda ake so, ba ta jiƙe sharkaf ba, ba ta kuma bushe ta zama hoge ba.

Baba na Mangu:
To, yanzu an zo inda nake. Amma batun mata da samari ba a ba ni amsa ba.

Hajiya Mai Dankali (Kano):
Baba, a yadda na fahimci bayanin Injiniya, masu tsinta ba za su rasa aiki ba, sai ma a neme su da yawa a lokaci ɗaya, domin dankalin da aka baje a rana ba ya jira. In ya daɗe a fili zafi ya dafa gefensa, in kuma ya kwana biyu yana ganin haske ya yi kore, kuma koren dankali ba mai saye, ga ɗaci ga illa. Waɗanda abin zai taɓa su ne samari masu fartanya. Su kuwa, ku manoma ku ne kuke kukan ba ku samunsu a lokacin da kuke buƙata, sun tafi acaba ko haƙar ma'adinai.

Baba na Mangu:
Wasu sun tafi, Hajiya, ba duka ba. Kuma aikin da mace take yi a mako guda tana karɓar kuɗi kullum, in aka matse shi a yini ɗaya, kuɗin yini ɗaya za ta karɓa. Ban ce kada a saya ba, na ce a san wanda zai ji a jikinsa.

Makaniken Tarakta (Kaduna):
Malam na Bokkos, akwai tambayar da ya kamata ta zo gaba da duk waɗannan: ƙungiyarku tana da tarakta? Idan haya za ku yi, ku tuna lokacin tonon damina kowa a rana ɗaya yake so, kuma mai tarakta ba zai bar babban aiki ya zo ya yi rabin hekta a kan dutse ba sai kun haɗa masa gonaki da yawa a wuri ɗaya. Masu haɗa manoma da taraktocin haya ta waya, irin su Hello Tractor, su ma a kan wannan tsarin suke tafiya, sai an tara aiki a unguwa ɗaya. Injin tono kuma makonni kaɗan yake aiki a shekara, sauran watannin yana ajiye, in ba a wanke shi an shafa masa baƙin mai an ɗaga shi daga ƙasa ba, tsatsa ta cinye boris da sarƙa kafin wata kakar. Kafin ku sayi na waje, ku tuntuɓi cibiyar injinan noma ta ƙasa da ke Ilorin ku ji abin da suke da shi na amfanin gona mai saiwa, domin abin da aka ƙera a gida ba a jiran jirgi kafin a gyara shi.

Manomin Bokkos:
Tarakta ba mu da ita, haya muke yi lokacin kaftu. Zan kai wa 'yan ƙungiya wannan bayani ranar taronmu, kuma abin da zan nema shi ne a dakata da saye, a ware gonakin rani na mutum uku ko huɗu da ke jere a fadama ɗaya, a yi musu huɗa da tarakta a kan santimita 75, a nemo inji na aro ko na haya a gwada, Hajiya kuma in ta yarda ta ɗauki buhunan ta gaya mana yadda suka isa Kano. Malam Makanike, in akwai wanda ka sani yana da mai kunya ɗaya a Kaduna ko Zariya da zai bayar haya har Filato, ka yi mini magana ta akwatin sirri, tare da abin da ake biya na ɗauko shi a mota.

Hajiya Mai Dankali (Kano):
Na yarda, amma a yi wa buhunan inji alama daban da na fartanya, a kuma loda su a mota ɗaya, kuma kada a cika su har a ɗinka musu hula, domin wannan ma yana da nasa bugun.